Gada Tana Tsaye, Mu Muna Cikin Kwale-kwale

Shekara 26 ke nan ina zaune a Kwatano, a unguwar Zango, ina sayar da albasar Galmi a kasuwar Dantokpa. Hanyar gida na san ta kamar yunwar cikina. Da, in ka hau babbar mota da asuba, ka wuce Bohikon da duwatsun Dasa, ka ci abinci a Paraku, ka ratsa gonakin audugar Kandi, ka haye gadar Malanbil, to da dare kana Yamai. Tafiyar ta ɗara kilomita 1,000, amma kujera ɗaya ce da tikiti ɗaya.

A ƙarshen watan Maris na 2024, ana tsakiyar azumi, na sake bin hanyar nan, na tarar ba ita ba ce.

Dalilin tafiyar Yayana ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya ɗora ni kan motar albasa ta farko a 1998, ya ce in je in ga inda kayanmu ke ƙarewa. Tun daga nan shi yana noma, ni ina sayarwa. Hawan jini ya daɗe yana cinsa a ɓoye, sai da ƙafafu suka kumbura aka gano ƙodojinsa biyu sun gaza. Wankin ƙoda ba a ko'ina ake yin sa ba, don haka aka ɗauke shi daga ƙauye zuwa Yamai, kusan kilomita 500, aka kama masa ɗaki shi da Hajiyarsa da babban ɗansa.

Ciwon nasa ya zo daidai da rikicin ƙasa. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Bayan kwana huɗu ƙungiyar CEDEAO ta saka takunkumi, aka rufe iyakoki, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ita ce mafi yawan wutar ƙasar. Kayan Nijar suka taru a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ga su nan ina wucewa ta gefensu kullum. Ina kallon kwantenoni ina cewa a raina: wa ya sani, ko abin da za a wanke jinin Yaya da shi yana cikin ɗaya daga cikinsu. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta ce ba za ta buɗe nata ba saboda tsaro. Muka ci gaba da zama.

Wata takwas na yi ban je ba. Kuɗi nake turawa, da murya ta WhatsApp. In an tambaye ni sai in ce ai hanya a rufe take. Duk dare ina rumfar mai shayi a Zango muna musu, wannan ya zagi Faransa, wancan ya zagi sojoji, wani ya zagi Tinubu da Talon. Ni ne mai babbar murya. Har matata ta ce mani wata rana: "Alhaji, mata masu goyo suna hayewa a kwale-kwale kullum." Ba ta ƙara komai ba. Na yi fushi kwana biyu, a na uku na je kantin magani.

Ɗan Yaya ya turo mani hoton takardar likita. Akwai allurar ƙarin jini da masu ciwon ƙoda ke buƙata, domin lafiyayyar ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa jiki ya yi jini, in ta mutu sai jini ya yi ta raguwa. A lokacin allurar ta yi musu wuyar samu. Mai kantin ya ja mani kunne: tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8, kada ta yi zafi, kada kuma ta daskare. Ya naɗe kwalaben cikin tawul, muka sa a 'yar kula, ƙanƙara a gefe ba ta taɓa su. Da wannan kular a kan cinyata na bar Kwatano.

A cikin mota ma musun ne. Wani saurayi mai sayar da wayoyi ya ce gara a ci tuwo ba miya da a koma ƙarƙashin Faransa. Wani dattijo direban tanka, wanda ya yi wata shida ba aiki, ya ce masa: "Yaro, kai wa kake ciyarwa?" Da a rumfar shayi ne, da na shige tsakiya. Ranar nan hankalina yana kan ƙanƙara. A Paraku na sauka na sayi sabuwa wurin wata mai sayar da ruwan sanyi. A Kandi na sake buɗewa na taɓa. Daga nan ƙasa ta fara canjawa, itatuwa suna raguwa, zafi yana ƙaruwa, iska tana shigowa ta taga kamar daga bakin murhu.

Malanbil gari ne da gada ta raina. Kasuwarsa ita ake cewa ta biyu a Benin bayan Dantokpa, kuma a ciki za ka ji Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da Yarbanci a layi guda. Da, manyan motoci kan yi jerin gwano tun daga wajen gari suna jiran duwan, masu abinci da masu faci da masu canji suna ci a jikinsu. Da na iso na tarar rumfunan masu abincin da na sani rabinsu a rufe. Matar da nake cin shinkafa da kifi wurinta shekara da shekaru an ce ta koma ƙauye. Kasuwa ba ta mutu ba, gangarawa ta yi bakin ruwa.

Na kwana a ɗakin wani abokin ciniki, ya sa mani allurar a firji. Da safe ɗan babur ya kai ni gaɓa. Jama'a, gani ya kori ji. Ga gada can sama, lafiyarta lau, an toshe ta da kwantenoni daga ɓangarenmu, ba mai bi sai tsuntsaye. A ƙasa kuwa kamar ranar Arfa: kwale-kwale masu inji suna zuwa suna komawa, 'yan dako tsirara daga ƙugu zuwa sama suna shiga ruwa da buhuna a ka. Masara da garin rogo da jarkokin mai suna hayewa arewa, albasa tana hayowa kudu. Na tsaya kan wasu buhuna na cusa hannu na ciro ɗaya, ja mai sheƙi, 'yar Galmi ce ba tantama. An sauke ta daga mota a Gaya, an ɗora a kwale-kwale, za a sake ɗora ta a wata motar. Kowane ɗauka da kuɗinsa, kowane jifa da asararsa. A nan na gane abin da ya sa buhu ke iso mani Dantokpa da tsada da ruɓa, alhali manomi a gida yana kukan ba ta da daraja.

Mai kwale-kwalen da na shiga yaro ne Badande, da ƙyar zai kai shekara 20. Ya ga yadda na rungume kula, ya ce: "Baba, magani ne?" Na ce eh. Ya tashi wani fasinja, ya zaunar da ni a tsakiya inda ruwa ba ya fantsama, ya cire rigarsa ya jiƙa ya lulluɓe kular. Ya ce kusan kullum yana haye da irina, wani da magani, wani da maras lafiya a kwance, wani lokaci ma da gawa. Na tambaye shi ko yana so a buɗe gada. Ya yi dariya ya ce: "Baba, da kuɗin nan na yi aure. Amma kanwata tana aure a Gaya, ta haihu da dare, uwarmu ba ta samu hayewa ba sai da gari ya waye." Ya ja injinsa, bai ƙara ba.

Ruwa ya ja baya a wannan lokaci na shekara, tsibiran yashi sun fito. Kusa da ni akwai wata mata da jariri a baya, ta rufe ido tana motsa baki har muka isa. Babu rigar ruwa ko ɗaya a jirgin. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi tsawon tafin hannu ba. Na ɗaga kai na dubi gadar, wallahi sai da na ji zuciyata tana tafasa. Waɗanda suka rufe daga Abuja da waɗanda suka ƙi buɗewa daga Yamai, ba wanda uwarsa za ta zauna a kan wannan katako. Amma a tsakiyar ruwan nan wani tunani ya zo mani wanda ya fi fushin ciwo. Hayewar ba ta kai rabin awa ba. Wannan ce hanyar da na ce wa kowa a rufe take, wata takwas.

A gaɓar Gaya jami'ai suka duba katina, suka buɗe kular. Takardar likita da rasiɗin kanti su suka fisshe ni, ba wanda ya wahalar da ni. Kabu-kabu ya kai ni tasha. Gaya ita ce kusurwar Nijar da ta fi samun ruwan sama, ƙasar giginya da rake da mangwaro, amma ranar ko ganye ba ya motsi. Na sake sayen ƙanƙara, na hau mota zuwa Doso, kimanin kilomita 150, daga nan muka kama hanyar Yamai. Tafiyar yini guda ta zama ta kwana biyu, da hawa biyar.

Na isa bayan magariba, unguwar ba wuta. Yaya yana kwance a tabarma a tsakar gida, Hajiya tana yi masa fifita. Mutumin da ke ɗaga buhun albasa shi kaɗai ya aza wa jaki, na tarar wuyan hannunsa bai fi na yaro ba, fatarsa ta yi toka-toka. Na durƙusa na gaishe shi, murya ta ƙi fita. Sai na kama abin da na iya: na fara ba shi labarin gada, da kwantenoni, da azzaluman shugabanni. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ɗaga hannu.

"Auta, bar wannan. Nawa buhu a Dantokpa?"

Na gaya masa. Ya yi shiru yana lissafi, ya ce an cuce mu a tsakiya. Sannan ya ce: "Ruwan Isa ya janye ƙwarai?" Na ce ya janye. Ya ce to bana zafi zai yi tsanani, a gaya wa yara su ɗaga albasar rumbu daga ƙasa, iska ta riƙa shiga ta ƙarƙashi.

Kwana 16 na yi a wurinsa. Ranar wanki mukan fita tun da duhu. A hannunsa na hagu an haɗa masa jijiya biyu, in ka ɗora yatsa sai ka ji tana kaɗawa kamar inji. A nan ake soka allura biyu, jini ya fita ta ɗaya, ya bi ta matata, ya dawo ta ɗayar, awa huɗu. Wani mako sau biyu, wani mako sau ɗaya in kayan aiki sun yi ƙaranci. Ma'aikatan suna iyakar ƙoƙarinsu, na ga wata malamar jinya tana ba wani tsoho haƙuri kamar ita ta rufe iyaka. A benci na waje na zauna da mutanen Tawa da Agadas da Tilaberi, kowa ya baro gona ko shago. Ba wanda ya tambaye ni ra'ayina kan CEDEAO. Tambayarsu ita ce wane kanti ke da allura, kuma wa ke da firji mai aiki da hasken rana.

Abin da ya fi karya mani zuciya ruwa ne. Mai wankin ƙoda ba ya fitsari sosai, duk abin da ya sha yana taruwa a jiki har ya hau huhu. An auna masa 'yar gora guda ta yini. An hana shi gishiri da kanwa da ayaba. A zafin Afrilu na Yamai, in an sha ruwa da magariba muna ɗaga moɗa, shi sai ya tsotsi ɗan gutsuren ƙanƙara. Na fara ɓoyewa in sha a bayan ɗaki. Ya gane, ya ce: "Sha a gabana, Auta. Ku naku azumin wata guda ne, ni nawa ba Sallah." Ya yi dariya, ni na kasa.

Wani dare ina danna waya ina sauraren masu sharhi kan bututun man da aka ja daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, ina tsaki. Man fetur an yi masa hanya ta ƙarƙashin ƙasa, ɗan Adam yana bin kwale-kwale. Yaya ya ce in kashe, in zo in danna masa ƙafa, tana masa tsami. Na ajiye wayar na kama ƙafar. Tun ina yaro rabon da in taɓa jikinsa. Muka yi hirar rijiyar gonarmu ta farko, da jakin da ya taɓa kayar da ni, har barci ya ɗauke shi. Daga ranar na daina buɗe labarai sai sau ɗaya da safe.

Kafin in taho muka zauna da 'ya'yansa da ƙannenmu mata ta waya, muka raba nauyi a rubuce. Kuɗin ɗaki da allura nawa ne. Abinci na wani ɗan'uwanmu da ke Agadas. Jinya kuwa karɓa-karɓa, wata-wata, don Hajiya ta samu ta huta, ita ma ta rame. Na kuma sa aka auna ni, aka ce nawa jinin ma ya fara hawa. 'Yan'uwa matafiya, mu da muke rayuwa kan shayi da goro da abincin tasha, awon nan ba ya cin minti biyar. In kuma za ku ɗauki magani ku haye iyaka, ku riƙe takardar likita da rasiɗi, ku haye ruwa da safe, kada ku shiga jirgin da aka cika da buhuna.

Bayan Sallah na dawo ta hanyar da na bi. A watan Mayu sai ga labari Benin ta hana hayewa ta ruwan ma, mutane suka koma zagayawa ta Segbana su shiga Najeriya, su ɓulla Kamba, sannan Gaya. Fushina bai tafi ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya tafi ba. Har yau in an taɓo zancen a rumfar shayi nakan ce nawa. Sai dai yanzu ƙarfe tara nake tashi, domin lokacin ne Yaya ke jiran kirana, ya ji nawa buhu ya kwana.

Kular tana nan a kan kabad, matata ta wanke ta. Watan gobe karɓata ce.