Sarin Baba daga Kano

A Malam Madori, zamanin da muke yara, duk mai kanti yana da farashi biyu a kansa: yadda aka sayar masa da kaya a Kano, da yadda kayan suka tsaya masa a ƙofar kantinsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da na biyun yake aiki. Kayan masarufi yake sayarwa, su sukari, gishiri, sabulu, Omo, madarar gwangwani, ashana da batir. Bai yi boko ba. Da ajami yake rubuta lissafinsa a wani littafi mai baƙin bango, kuma daren da zai tafi sari ni ke riƙe masa aci-balbal yana ƙirga abin da ya rage a sito.

Da na ɗan tasa ya fara tafiya da ni kasuwar Singa. Akwai wani dattijon dila da kullum maganarsa ɗaya ce: "Alhaji, cika hamsin mana in yi maka ragi." Baba sai ya yi shiru, ya duƙar da kai, leɓɓansa na motsi. Wani lokaci ya ce, "Na karɓa, Allah ya sa albarka." Wani lokaci kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar shi a ashirin, damina ta kusa."

A lokacin abin yana ba ni mamaki, yaya za a yi wa mutum sauƙi ya ƙi? A hanyar komawa yake warware mini. Sabulun wanki ko nawa ne zai ɗauka, domin ba ya lalacewa, mata ma sun fi son wanda ya bushe saboda ya fi auki. Sukari idan azumi ya gabato ba ya tsayawa ciniki mai tsawo, ya san kafin sallah babu buhun da zai rage. Amma gishiri da damina ruwa yake ja, buhu ya jiƙe, ya ɓata na kusa da shi. Ga ɓera, ga gara, ga rufin sito da ke yoyo. Abin da ya fi damunsa kuwa shi ne kuɗin da za su kwanta. Jarin da aka zuba a katan hamsin na kayan da ba sa tafiya, da shi za a iya juya ashana da Omo sau da yawa kafin katan na ƙarshe ya fita.

Sai maganar dako, wadda a nan ragin yake tabbata ko ya narke. Garinmu yana kan layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930. A lokacin jirgi yana da araha ga kaya masu nauyi, sai dai ba shi da gaggawa, kuma za ka biya 'yan dako daga kasuwa zuwa tasha, ka sake biyan amalanke daga tasha zuwa kanti. Mota kuwa, in kayanka kaɗan ne, kowane buhu da kuɗinsa. In ka ɗauki shata, kuɗin buhu ya sauko, amma sai ka cika ta. Shi ya sa Baba da maƙwabtansa na kasuwa suke haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya yi ciniki da yawun kowa har a kai adadin da ake ragi, a cika gingimari guda, kowa ya sa wa buhunansa alama da shuni. Ban taɓa ganin an rubuta wata yarjejeniya a tsakaninsu ba, kuma ban taɓa jin rigima ba. Wannan amanar nake kewa fiye da komai.

Daga baya a makaranta aka koya mana lissafin da wani Ba'amurke, Ford Harris, ya fitar a 1913, na auna kuɗin yawan zuwa sari da kuɗin ajiye kaya. Na gane shi nan take, domin na riga na ji shi a bayan mota. Amma lissafin yana buƙatar farashi ya zauna wuri ɗaya. Da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, naira ta faɗi, sai ya zama abin da ka sayar yau ba zai sake sayo maka irinsa gobe ba. Masu cika sito su rufe su ne suka samu. Baba ya ƙi wannan hanya, yana cewa ɓoye abinci don ya yi tsada ba halal ba ne, kuma kantinmu ya ɗan ja baya a waɗannan shekaru.

Yanzu ƙanena ke riƙe da kantin. Da waya yake sari, ya tura kuɗi ta banki, ba sai ya taka Kano ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kafin ya kira dila sai ya fara kiran direba ya ji nawa ne kan buhu a makon nan. Sau da yawa amsar direban ce ke sa ya haƙura da ragin Kano, ya sari ɗan abin da zai ishe shi a Haɗeja.