Kifin da Muka Kai wa Kawu

Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, bai taɓa sha'awar kiwon kifi don kasuwa ba. Da ya ajiye alli bayan shekara 35 yana koyarwa, abokan aikinsa sun yi ta ba shi shawara ya gina kwamin siminti ya zuba tarwaɗa, bayan 'yan watanni ya kira dillalai su auna a sikeli. Ya saurare su, ya yi godiya, ya koma lambunsa da ke bayan garin Jega. A ƙasan lambun akwai wani tsohon kududdufi inda aka daɗe ana ɗibar ƙasar tubali. Shi ya sa aka yashe, aka faɗaɗa, aka daddaɓe gaɓarsa, aka ja masa ruwa daga rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. Faɗinsa ya kusa rabin filin ƙwallo, tsakiyarsa kuwa yana shanye mutum. Ya zuba karfasa, ya bar ciyawa ta fito a gefen gabas inda ruwan bai wuce gwiwa ba. Kullum bayan la'asar nan yake shimfiɗa buzunsa.

Wannan bawan Allah shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu. Da albashin malamin makaranta ya biya mana kuɗin jarrabawa, wata shekarar ma har ya sayar da kekensa. Saboda haka da muka ce za mu yi masa wani abu na murnar ritaya, ba ƙaramar magana ba ce a wurinmu. Babbar riga an riga an ɗinka masa, rago kuma tsofaffin ɗalibansa sun kawo. Ƙanwata ce ta yanke zancen. Ta ce tunda zuciyarsa tana wurin tafkin nan, a samo masa kifin da ba kowa ke da irinsa ba. Muka haɗa kuɗi, aka ɗora mini nema saboda ni ne mai yawan tafiya.

Kowa kifin koyi na Japan ya ambata, wanda ake gani a farfajiyar manyan otal. Na je wurin wani mai sayar da su a Abuja, kuma gaskiya na daɗe a tsaye. Akwai fari tas mai ja a gadon baya, akwai ruwan gwal, akwai mai baƙi da ja da fari a haɗe. Da yaron shagon ya tsoma hannu sai suka taso suna tsotsar yatsunsa. Asalinsu kifin ci ne da manoman shinkafa ke ajiyewa a duwatsun lardin Niigata, wajen Ojiya da Yamakoshi, don su sami nama idan ƙanƙara ta rufe hanya. Tun a ƙarni na 19 suka fara ware masu launi suna haɗa su, sauran Japan kuma ba ta san da su sosai ba sai a wani baje koli da aka yi a Tokiyo a 1914. Abin ya kai inda a 2018 aka sayar da guda ɗaya yen miliyan 203. Na Abuja ba su kama ƙafar wannan ba, amma kuɗinmu bai wuce na 'yan ƙanana kaɗan ba.

Mai shagon mutumin kirki ne, kafin ya karɓi kuɗina ya tambaye ni irin tafkin. Da na ce na ƙasa ne, a fili, babu injin tace ruwa, sai ya girgiza kai. Ya ce koyi tonon ƙasa yake yi da baki, zai dama laka har a daina ganinsa, kuma kifin da aka saya don kallo idan ba a ganinsa an yi asara. Wanda zai gan shi sarai shi ne zalɓe daga sama, don ja da fari ba su ɓuya. Ni kuma na tuna tsarin da ke zagaye lambun Kawu, na tuna yadda ruwa ke malala daga fadamar nan zuwa gulbi idan damina ta yi ƙarfi. Baƙon kifi idan ya tsere ya shiga gulbi ba mai iya kiransa ya dawo. Na yi masa godiya na fito.

A ƙarshen damina na nufi Yawuri. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 garin ya zama bakin babban tafki, kasuwar kifinsa kuma ta yi suna har kudu. Mafi yawan abin da ake gani a can banda ne, tuli a kwanduna da kwalaye ana loda wa motoci. Mai neman kifi da rai sai ya sauka bakin ruwa da sassafe lokacin da jirage ke dawowa. Wani abokin aikina ɗan garin ya haɗa ni da wani dattijo Basarke, siriri, hannuwansa duk tabon ƙaya da ƙugiya. Muka gaisa, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "Malam, ci zai yi ko kallo?"

Na ce, "Kallo, Baba."

"Me ke cikin ruwan yanzu?"

"Karfasa."

"Yana son karfasar tasa?"

Na ce har suna yake sa wa manyan cikinsu. Ya ce to an rage mana aiki, rabin kifin gulbin nan sun fita daga lissafi.

Giwan ruwa na fara ambata, domin Kawu mai zuwa Argungu ne, kuma bai daina ba da labarin kifi mai kilo 75 da ya ci gasar kamun kifi ta 2005 ba. Dattijon ya ce giwan ruwa zai share karfasar nan tas, sannan ya mutu ranar da ruwan ya yi zafi ya rasa iska, don shi kifin babban ruwa ne. Na san bai yi ƙari ba. Shi ne kifin da aka zuba a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950 ya kusa ƙarar da ƙananan kifayen wurin iri-iri. Minjirya kuwa da ya nuna mini ita a ƙasan jirgi, mai taushi, mai ɗige-ɗige, ba ƙaya ba ɓawo, tambaya ɗaya ya yi: akwai jikoki a gidan? Babbarta tana sakin wutar da ke kai bolt 350. Gaiwa ta ba ni sha'awa saboda yadda take shiga laka ta lulluɓe kanta da yauƙi ta yi watanni tana jiran ruwan sama, sai dai kwanciya take yi a ƙasa ba a ganinta, ga cizo. Talibambam kuma guntule wa sauran kifaye fiffike yake yi.

Wanda ya tsaya mini a rai yauni ne, wanda wasu ke kira ɗan sarki. Wani matashi ya kamo shi, tsawonsa ya kai kamu guda, yana cikin rabin ganga. Ban taɓa ganin tafiya irin tasa ba. Jikinsa a miƙe yake sambal, ba ya lanƙwasa shi, ba shi da fiffiken wutsiya ko na ciki. Fiffike ɗaya ne dogo tun daga ƙeya har kusa da ƙarshen jela, shi kaɗai ke kaɗawa kamar gefen zane a kan igiyar shanya idan iska ta taso. Ya yi gaba, ya tsaya cak, sai kaɗawar ta juya ya dawo da baya, jelar ta bi gefen gangar ba ta taɓa ƙarfe ba. Dattijon ya ce, "Wannan ba da ido yake gani ba." Daga baya na karanta cewa a 1951 wani masani a Jami'ar Kambirij, Hans Lissmann, ya gano kifin yana fitar da wata 'yar wutar lantarki daga jelarsa ba dare ba rana, kuma bincikensa na gaba ya nuna da ita yake gane abin da ke kewaye da shi a cikin duhun ruwa. Sarkawa sun riga sun lura da hakan daga cikin jirgi.

Na ce shi nake so. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ɗan sarki ba ya zama da talakawa. Yana wuce mita ɗaya da rabi, da dare yake farauta, kuma idan ya yi sheƙa ko mutum ya matso sai ya kai masa cizo. In kawunka yana da ruwa na biyu, kai masa. In ba shi da shi, ka bar shi."

Sai ya kira ɗansa ya kawo wani baho daga inuwa. A ciki akwai 'ya'yan bargi. Da farko ban ga abin mamaki ba, don launinsu toka-toka ne da ɗan ruwan ƙasa. Da ya ɗago ɗaya a tafin hannunsa na ga manyan ɓawo jere a tsare, kowanne da zanensa, kan kuma a sulke da ƙashi mai ramuka, fiffiken sama da na ƙasa duk sun koma baya kusa da 'yar wutsiya mai zagaye. Ya mayar da shi. Jim kaɗan kifin ya taso ya buɗe baki ya haɗiyi iska ya nutse. Dattijon ya ce abin da zai sa Kawu ya riƙa ganinsa ke nan ko ruwa ya yi kore, domin bargi yana shaƙar iska daga sama, kuma ruwan da ya yi zafi ya kwanta ba ya kashe shi da wuri. Ba ya bin kifi. Ƙananan halittun ruwa yake tacewa, da ƙwari da ƙwayar ciyawa da abin da ya kwanta a laka, ga shi yana karɓar dusa. Yana kai mita guda, nauyi wajen kilo 10. Danginsa na kusa yana can a Kogin Amazon, wato arapaima, ɗaya daga cikin mafi girman kifayen ruwan daɗi a duniya.

Mu dai a miya muka san bargi, shi ya sa ba mu ɗauke shi abin kallo ba. Amma duk masu tafkin da na sani daga Jega har Birnin Kebbi, ba wanda ya ajiye shi da rai.

Zaɓen ya ɗauki lokaci, kuma dattijon ne ya yi shi. Ya ƙi 'yan ƙanana masu tsawon yatsa, ya ce mutuwa suke yi ba dalili, a ɗauki wanda ya wuce tafin hannu. Ya ware duk wanda raga ta shaƙe, don zaren yana barin zobe a bayan kai, wurin kuma ruɓewa yake yi bayan kwanaki. Na gura, wato tarkon kifi, ya fi so. Kowanne sai ya juya shi ya duba ko ɓawo ya ɗaye, ya duba ido ko ya yi fari, ya sake shi ya ga ko zai nutse kai tsaye ko zai karkace. Na ce a haɗa mini mace da namiji. Ya ce ba mai gane su da ido a wannan girman, ko sun girma ma da wuya, in ɗauki da ɗan yawa su zaɓi junansu. Muka tsaya a kan takwas. Kuɗinsu bai kai na koyi ɗaya ba, sauran na sayi dusa da ragar da za a kewaye mafitar ruwa.

Ya hana a ba su abinci ranar, ya ce kifi mai cikakken ciki ɓata ruwansa yake yi a hanya. Da asuba muka zuba su a jarkoki da aka yanke wa sama, ruwa rabi, aka ɗaure bakin da buhu saboda bargi gwanin tsalle ne. A Koko muka tsaya na rage ruwan na ƙara sabo daga wanda muka ɗebo a gulbi. Ɗaya ya juya ciki sama kafin mu kai Jega. Bakwai suka isa.

Kawu yana lambu muka same shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce 'ya'yansa ne suka aiko ni. Ya kwance buhun ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba.

"Bargi ne," in ji shi. "Rabona da ganin ɗan bargi da rai tun muna yara a fadama. Ɗana, wa ya ba ku wannan shawara?"

Na ba shi labarin dattijon. Ya ce Allah ya yi masa albarka, mu ma Allah ya ba mu masu yi mana. Bai yarda a juye su nan take ba. Ya sa aka tsoma jarkokin a gefen tafki, yana ɗiban ruwan tafkin da kwanon sha yana ƙara musu kaɗan-kaɗan har sanyin ruwan ya zo ɗaya. Sannan ya ajiye su a wani ƙaramin kwami ya yi ta lura da su kusan mako biyu, don kada su kai wa karfasarsa wata cuta.

Hunturu ne ya ba mu tsoro. Bargi ba ya son sanyi, kuma da iskar ta kankama suka daina cin dusa, suka koma tsakiya. Kawu ya riƙa sakin ruwan burtsatse da asuba, saboda yana fitowa da ɗumi daga ƙasa, ya kuma kafa zana a gefen da iska ke bugowa. Da bazara ta shigo ya kira ni ya ce ya ƙirga bakwai, kuma babban cikinsu ya kai tsawon hannunsa daga gwiwa zuwa yatsu.

A damina ta biyu na je gaishe shi, ya ja ni gefen gabas. A tsakiyar ciyawar an share wani fili mai zagaye, faɗinsa wajen mita guda, an ture karan ciyawar gefe ya zama katanga, ƙasan kuma laka ce sumul. Kifayen ne suka yi da bakinsu. Can gaba kaɗan wani baƙin dunƙule yana tafiya a ƙarƙashin ruwa, ya taso sama gaba ɗaya, ruwan ya yi tsattsafi, ya sake nutsewa. 'Ya'ya ne, ba su ƙirguwa, babba ɗaya yana kewaya su. Kawu ya riga ya hana masu yankan ciyawa zuwa wannan gefen, ya sa jikokinsa gadin zalɓe da gwangwani da sanda. Yawancin 'ya'yan ba su rayu ba, haka abin yake ko a gulbi, amma waɗanda suka tsira sun isa ya ba wani maƙwabcinsa mai fadama, ya kuma aika wa wani tsohon ɗalibinsa a Aliero.

Kafin in tafi ya nuna mini inda ya sa aka fara haƙa a bayan mangwaro, rami mai zurfi, daban da babban tafkin, ba mahaɗa tsakaninsu. Ya ce idan ruwa ya ja in koma Yawuri in gaishe masa da dattijon nan, in kai masa turmin shadda, in kuma gaya masa an sami ruwa na biyu, a nemo ɗan sarki.