Ƙiba daban, ƙarfi daban

'Yan uwa na Kurfai, bayan kaka mu 'yan kokowar Filinge mukan dage da fura da tuwo don mu ƙara nauyi. Amma in tumbi ya hito, tun kamun farko haki ke ka da mutum.

Ni in lokaci ya matso, sai in rage sukarin shayi da yawan fura. Wake, nono da ƙwai kuwa ba ni barin su, don su ke riƙe tsoka. Da asuba gudu cikin rairayin Dallol Boso, da marece kamu. Rabin kilo a mako ya ishe ni.

Samari, kar ku zauna da yunwa don gaggawa. Tsoka za ta zube tare da kitsen, ku shiga fili ba ƙarfi.