Kar ka je sayen lasifika hannu rabbana



Bara, daf da sallar layya, na tara ƴan kuɗi na ce bari in saya ma Baba ampli da lasifika biyu. Idonshi ya yi rauni, saurare ne kawai ke ɗebe mashi kewa yanzu. Na shiga kasuwa nan Maradi, mai shago ya jona wayarshi, ya saki wata waƙar zamani mai dukan ƙirji, ya murɗa bas har kwanon rufi na rawa. Wallahi nan take na ƙirga jika 90 na miƙa mashi.

Da na kai gida na sa ma Baba Shata. Ya karkata kai, ya yi shiru, can ya ce: "Wane ne wannan ke waƙa cikin randa?" Kunya ta rufe ni. Muryar ta nutse, ƴan amshi sun cakuɗe, kalangu ya koma kamar ana dukan tano. Wanda ya shekara arba'in yana jin Shata, ƙara ba ta ruɗa shi.

Ban ga laifin mai shago ba sosai. Ni ne na je hannu rabbana, shi ko ya zaɓi waƙar da ke rufa asirin kayanshi. Kiɗan kwamfuta mai nauyi, ko lasifika ta banza tana burge mutum da shi na minti biyu. Inda ake gane ta ƙwarai shi ne tsakiyar sauti, wurin da muryar ɗan Adam take.

Da ƙyar ya yarda a canza, da ciko. Wannan karon na tafi da katin memwar, na zuba abin da kunnena ya haddace.

Na fara da Ɗan Maraya Jos. Murya ce da kuntigi mai tsirkiya ɗaya, lasifika ba ta da wurin ɓuya. In muryar ta fito ta hanci, ka wuce.

Sai Shata, saboda kalangu. Makaɗi na matsa igiyoyi da hammata, sautin na hawa yana sauka kamar magana. Lasifikar da ta maida shi duka "dum dum" iri ɗaya, ba ta aiki ba ce.

Sai Mamar Kassey, don sarewar Yacouba Moumouni da yawan kayan kiɗansu. A nan nake duba abu biyu: sarewar na soke kunne? Kuma ina iya bin kowane kayan kiɗa shi kaɗai, ko duk sun dame?

Na kuma riƙo tafsirin da Baba ke saurare kullum bayan isha'i, tunda shi kayan za su fi yi ma aiki. In ba ka bambance sin da shin daga bakin malam, me ka saya?

Na roƙi mai shago ya maida bas da tirebul tsakiya, ya jona da igiya ba Bluetooth ba, kuma a gwada kowace lasifika da ƙarfi ɗaya, don wadda ta fi ƙara kullum kunne na ɗauka ita ta fi. Na ce a rage sauti ƙasa-ƙasa, yadda tsoho ke saurare da dare. Ban ƙara kula manyan lambobin PMPO da ke jikin kwali ba, RMS na tambaya. Ku kuma lura da waƙar kanta: wadda aka naɗa da waya daga rediyo ba a gwaji da ita. In MP3 ce, mai 320 ta fi mai 128.

Wadda na ɗauko ƙarama ce, ba ta ko da fitilu masu walƙiya. Yara sun ce an cuce ni. Baba ko da ya ji, ya gyara zama kan tabarma ya ce: "Yawwa, yanzu Alhaji ya shigo."

Allah shi sa mu dace.