Godiya ga likitar da ta tambayi abin da Auta ke ci

Hajiya Likita, na rubuto ne in yi miki godiya a kan yarinyarmu Auta, wadda ƙurajen fuskarta suka lafa har ta daina jan mayafi tana rufe kumatu idan baƙi sun shigo.

Kafin mu zo gare ki babu maganin da ba a kawo mana ba. Wannan ta ce a goga lemon tsami, waccan ta ce a shafa man goge baki a kwana da shi, wata ta ce gyaɗa ce, a hana ta ƙuli-ƙuli. Wani mai shagon magani ya ɗora ta a kan kafso wata da watanni, ya haɗa mata da wani man shafawa marar takarda. Fuskar ta yi haske na ɗan lokaci, daga baya ƙuraje suka dawo jingim, ga kumburin ciki da bushewar bayan gida da suka ƙaru a kai. Duk cikinsu babu wanda ya yi tambayar da kika fara yi bayan kin duba ta: da me take karya kumallo, me take saye a makaranta, kuma yaya cikinta yake?

Amsar ita ce shayi mai kauri da burodi da safe, lemon kwalba da cincin da rana, taliyar leda da dare. Ba ki yi mata faɗa ba. Kin ɗauki takarda kin zana mata ramin gashi, kin nuna yadda maiƙo da matacciyar fata ke toshe shi, sannan ƙwayar cutar da ke zaune a fatar kowa, Cutibacterium acnes, ta samu wurin hayayyafa har wurin ya kumbura. Kika ce sukari da farar fulawa suna ɗaga sukarin jini da sauri, jiki ya saki insulin da yawa, shi kuma ya zuga wani sinadari mai suna IGF-1, wanda ke sa fata ta ƙara fitar da maiƙo. Ga yarinyar da balaga ta riga ta ƙara mata maiƙon, wannan ƙara itace ne a wutar da ke ci.

Na ji daɗin da kika ɗauke mu masu hankali, kika faɗa mana inda maganar ta samo asali. A 2007 masu bincike a Melbourne ta Ostareliya sun sa wasu samari cin abincin da ba ya ɗaga sukarin jini da sauri har makonni 12, ƙurajensu kuma suka ragu fiye da na waɗanda suka ci gaba da abincinsu na yau da kullum. Kafin nan, a 2002, an wallafa rahoto a kan mutanen tsibirin Kitava a Papua New Guinea: an duba mutum 1,200, ba a samu mai ƙurajen fuska ko ɗaya ba, abincinsu kuwa doya ne da dankali da kifi da kwakwa da 'ya'yan itatuwa. Auta ta riƙe wannan labari sosai, har ta kai wa ƙawayenta.

Batun hanji ne ya fi buɗe mini ido. Kin bayyana mana cewa hanji cike yake da ƙwayoyin halitta masu amfani, abincinsu kuma shi ne ɓangaren da ciki ba ya narkarwa, wanda ke cikin dusar hatsi da wake da ganye. Idan suka samu wannan, sukan fitar da sinadaran da ke ciyar da bangon hanji, su kwantar da kumburi. Kafson da ake sha ba ƙa'ida yana kashe masu amfanin tare da masu cutarwa, shi ya sa cikin yarinyar ya rikice. Da kika lissafa abin da za ta koma ci, sai na ga duk a madafinmu yake: tuwon dawa da miyar kuka, dambun zogale, faten wake, acca, kwaɗon rama, daddawa a miya, gwanda da goba a madadin kayan zaƙi. Abin takaici, shi ne abincin da yaranmu ke yi wa kallon na ƙauye, alhali ya fi taliyar leda riƙe ciki. Gyaɗar ma kin wanke ta, kin ce ba a tabbatar da laifinta ba. Madara kawai kika ce a rage na wasu makonni a ga yadda fatar za ta yi, tunda wasu tana tayar musu.

Wani abin da ya ƙara miki daraja a idona shi ne ba ki ce abinci kaɗai zai warkar da ita ba. Kin ambaci gado da zagayowar al'ada da damuwa. Kin gane cewa man da aka ba ta yana da sitiroyid, irin wanda ke cikin mayukan bilicin da ƙwayoyin ƙiba da 'yan mata ke kira sha-ka-fashe, kuma shi kansa yana fito da ƙuraje, sai kika nuna mana yadda za a janye shi a hankali. Kin rubuta mata benzoyl peroxide, kin gargaɗe mu cewa sai an yi wajen wata biyu kafin a ga canji, kada mu gaji mu koma shago.

Sannan kin dube ta kin ce mata ƙuraje ba ƙazanta ba ne, ta daina dirzar fuska da soso, ta daina matsa su, domin a fatarmu baƙin tabon da matsawa ke bari ya fi ƙurjin daɗewa. Yarinyar da ta sha gori a kan rashin wanka ta fita daga ofishinki tana murmushi, ni kuma hawaye ne suka cika mini ido.

Mahaifinta yana gaishe ki ƙwarai. In sha Allahu za mu zo ranar da kika sa mana, ki duba sauran tabon da ke goshinta.