Zuwa Yamai da goyo: ina za a kwana?

Daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600, daga Damagaram kuwa kusan 900 ne. Mota na tashi tun kafin asuba, ta bi Gidan Rumji, Madawa, Galmi mai albasa, a ɗan tsaya Ƙonni a ci abinci, sannan Dogon Dutsi da Doso. Ƴan Tawa su ma a wajen Ƙonni suke faɗowa kan wannan titi. Duk wadda ta yi hanyar da yaro a cinya ta san wahalarta, amma wahalar mota yini guda ce. Abin da ke cinye ribar tafiya shi ne masauki, ko sarin kaya ya kai ki Babbar Kasuwa da Katako, ko furoje ne ya kira ki horo na kwana uku.

Kwanan farko ma tun a gida yake farawa. Matan ƙauye da za su kama motar asuba dole su kwana tasha, kuma manyan kamfanonin mota suna da rumfa ko zaure inda mai tikiti ke shimfiɗa tabarma ba a karɓi ko dala ba. Na dare guda babu laifi. Ki je da wuri ki kama gefen bango a wajen mata, nesa da talabijin da bakin ƙofa, ki sa yaro tsakaninki da bango, kuɗi kuma a lalita a jikinki. Amma kar ki maida tasha masaukin kwana uku don gudun kashe kuɗi. Fitila ba ta mutuwa, ban-ɗaki na kowa da kowa ne, babu inda za ki ɗaura sange. Da damina, sauron dare biyu ya isa ya sa kuɗin da kika tsimi ya ƙare a kan magani.

Yawancinmu gidan dangi muke sauka, a Bukoki ko Talaje ko can ƙetaren gada Haro Banda, muna cewa kyauta ne. Ba kyauta ba ne, ƴan'uwa. Akwai tsaraba, akwai cefane, akwai taksi biyu ko uku kullum in gidan ya yi nisa da inda aikinki yake. Sannan zaman Yamai ba na ƙauye ba ne: da yawa ciki da falo suke haya, tsakar gida ɗaya da maƙwabta biyar, ruwa da wuta duk da awo ake biya. Babba ɗaya ana iya matsa masa wuri. Yaro kuwa yana kukan dare, yana fitsarin kwance, yana faɗa da ɗiyan gida kan ƙoƙon fura, mai gida ga aiki da sassafe. Ba wanda zai ce miki uffan, kunya ba ta bari, sai dai wata shekara ki kira waya ki ji ana ta kame-kame.

Maganin wannan a bakinki yake. Ki kira tun saura mako, ki faɗi komai: "Yaya, ina nan tafe ran Talata, ni da goyo da yayarta, ran Juma'a za mu juyo." Faɗin ranar komawa ya fi kowace tsaraba kwantar da hankalin mai masauki. Ki taho da tabarmarki, da ledar shimfiɗa ƙarƙashin yaro, da sangenki da igiyarsa, da garin kunu, kar a wayi gari ana neman abin da yaronki zai iya sha. Kuɗin cefane kuwa, in kin miƙa a hannu za a ƙi karɓa. Ki sayo gawayi ko shinkafa ko mai ki ajiye a madafa, wannan ba a maidowa.

Otal fa? Ni dai ban ga dalilin da mai jarin asusu za ta biya ɗaki mai na'urar sanyi ba, kwana guda ya haɗiye zubin makonni. Amma ƙananan gidajen baƙi masu fanka suna da ranarsu, musamman in ku uku ne ko huɗu kuka haɗa ɗaki guda kuka raba kuɗin. Kafin ki biya ki ga ɗakin da idonki. Ki buɗe famfo, ki duba ko ƙofa na kulluwa daga ciki, ki tambaya ko an yarda a dafa ruwan zafi. In akwai mashaya a gidan, ki ɗauki ɗanki ki yi gaba, komai arhar wurin. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai kan wuce awo 40, in wuta ta ɗauke ɗakin kwano ya zama tanda, don haka gidan da ke da tsakar gida mai katanga ya fi mai ƙyalli.

Waɗanda furoje ke kira horo, ku yi tambaya tun a waya: masaukin na mutum nawa ne, kuma an san da yaro za ki zo? An sha haɗa mai goyo da baƙuwa ɗaki guda, kowa ta kwana a takure. Ki tambaya kuma ko za a ciyar da ƴar raino, don wadda ke zaune ɗakin taro daga safe zuwa la'asar tana bukatar mai riƙe mata.

Masaukin da na fi so shi ne na ƴar ƙungiya. Kakanninmu fatake ba su san otal ba. Kowane zango akwai mai masauki, ya ba ka ɗaki, ya tsare maka kaya, ya haɗa ka da mai saye, ya ci la'adarsa. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙungiyoyi sun bazu ko'ina cikin ƙasa, har unguwannin Yamai. Me zai hana shugabanninmu su yi musayar lambar waya, a san cewa a unguwa kaza akwai Hajiya mai ɗakin da ba kowa, a yanka abin da za a ba ta kowane kwana, jika guda ne ko biyu, a rubuta a littafi? Ita ta samu na zubi, ke kin huta da nauyin kunya, ga jikoki a gidan da yaronki zai yi wasa da su. Ran da ɗiyarta ta zo Maraɗi sarin atamfa, ɗakinki ne nata. Wadda tafiyarta ta ƙungiya ce, a taro za a yanke ko daga akwatin taimako za a fidda kuɗin kwananta, tun kafin ta hau mota, ba bayan ta dawo a tsaya gardama ba.

Karnen asibitin yaro kar ya bar jakarki. Tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati, ko da yake sau da yawa maganin sai an saya a waje, kuma karnen ne zai nuna shekarunsa da alluran da aka yi masa. In tafiyar ta faɗo lokacin rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina, ki ga ma'aikaciyar lafiya kafin ki tashi, kar zagayen watan ya wuce shi kuna hanya. Da isarki masauki, tun kafin ki kwance kaya, ki tambayi matar gida asibitin da ya fi kusa da kuma mai taksin da ke ɗaga waya da dare.