Gardamar Fitar Nijar a Ƙasar Ruma

Litinin, 27 ga Janairu 2025

Jibi wa'adin fitar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS zai cika. A teburin mai shayi na bakin tashar Batsari yau ba a yi wata hira ba sai ita. Wani direba mai jigilar Jibiya ya ce wuya ce ta kori mutanen Nijar. Bayan sojoji sun kifar da Bazoum a Yulin 2023 an rufe musu iyaka, Najeriya ta yanke musu wuta, magani da shinkafa suka yi tsada. Wani malamin firamare ya ce ba haka ba ne, ƙin Faransa ne, ECOWAS kuma 'yar amshin shatanta suka ɗauke ta. Aka tashi ba wanda ya sauka daga kan bakansa.

Talata, 28

Rediyo ta ce an yi babban gangamin goyon bayan fitar a Yamai. Malamin firamaren nan ya dube mu, ya ce, "To, kun ji jama'a ta yi magana." Na ce, "Allah gafarta Malam, wa ya ƙirga su?" A Birtaniya, kafin su bar Tarayyar Turai, akwati aka ajiye ranar 23 ga Yuni 2016, kashi 52 cikin ɗari suka ce a fita, 48 suka ce a zauna. Duk da haka har yau suna musu kan dalilin: baƙin haure ne, ko kuɗin da ake aikawa Brussels, ko haushin 'yan siyasar Landan. A Nijar kuwa sanarwa aka karanta a talabijin. Malam ya ce zaɓen namu na Afirka ma wa yake ƙirga shi da gaskiya? Nan kam ya ɗaure ni.

Laraba, 29

An fita. ECOWAS ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfon mutanen ƙasashen uku, zirga-zirga ba biza, har sai an sake shawara. Ba abin da ya canza a hanyar Jibiya.

Alhamis, 30

Ranar kasuwa. A kara na zauna da wani dattijo mai fataucin awaki daga wajen Maraɗi, na tambaye shi wane ne mai gaskiya tsakanin direba da Malam. Ya yi dariya.

"Yaro, duka biyun ba su taɓo nawa ba. Ni abin da ya ƙona mini rai, da aka ce sojan Najeriya zai shigo mana. Ɗiyata tana aure a Katsina. Da wa za a yi yaƙin?"

Na ce, "Baba, ashe ka goyi bayan fita?" Ya ce shi ba a tambaye shi ba, da an tambaye shi kuma da sai ya ji abin da zai sami kasuwarsa tukuna. ECOWAS ɗin ma CEDEAO yake kiranta, kuma bai taɓa ganin amfaninta a shingen hanya ba, ko ina sai ya ba da na goro. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi kwana 90 ba biza, amma jami'in da ke tsare shi bai taɓa yi masa zancenta ba.

Juma'a, 31

Bayan masallaci Kawu ya tuna mana cewa ƙasar nan tamu ta Ruma da can bakin daga ce tsakanin Katsina da Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi. An yi yaƙi, daga baya aka yi auratayya, tun ba a kafa ECOWAS a Legas a 1975 ba.

Ra'ayina bayan kwanakin nan: takunkumi da barazanar yaƙi su suka ba sojojin Yamai hujja, kuma da aka janye takunkumin a Fabrairun 2024 bakin alƙalami ya riga ya bushe. Amma duk mai cewa ya san dalilin talakan Nijar, nasa dalilin yake faɗa, domin ba a ba talakan ƙuri'a ya faɗi nasa ba.